Biki ya ƙare da amai, ana zargin amaryar babanmu. Labo na iya gano gaskiya?

Ɗan Garin Malam:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ma'aikatan likita da ƴan labo da ke nan ku taimaka min, abin ya fi ƙarfina ne shi ya sa na kawo shi nan, wlh kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Asabar ɗin da ta wuce muka ɗaura auren ƙanwata nan Damagaram. An yi dafa-duka da nama tukunya huɗu manya, an yi salad da mayonez, ga zoɓo ga fura. Mata sun ɗora tukwane tun wajen ƙarfe 2 na dare don gudun zafi, kun dai san yadda watan 4 yake a garin nan, kafin asuba an gama saukewa an zuba cikin kuloli da manyan robobi an rufe ruf. Ba a fara rabo ba sai bayan azahar, wasu gidajen ma sai da aka yi la'asar aka kai musu nasu saboda yaran da za su kai duk sun bi rakiyar ango. To wajen magariba waya ta fara shigowa, wance na amai, yaran wane na amai, kafin a yi isha'i mun ƙirga mutum 31, amai kamar za su fid da hanjinsu, ciki na murɗa, wasu da gudawa kaɗan. Mun kai 9 likita an yi wa 4 ƙarin ruwa. Alhamdulillahi ba wanda ya rasu, yawanci kafin yammar lahadi sun miƙe.

Ga inda matsalar take. Wadda ta tsaya kan dahuwar ita ce amaryar babanmu, abokiyar zaman innarmu, kuma ita amaryar bikin ɗiyar innarmu ce. Kun ga ba sai na ƙarasa ba. Gwaggonmu ta fara cewa an zuba wani abu cikin tukunya, magana ta fita unguwa, yanzu har a wajen ɗibar ruwa ana nuna ta da baki, jiya ta ɗaure kayanta ta tahi gidansu Miriya tana kuka. Alhali ɗanta na cikinta yana cikin 4 ɗin da aka yi wa ƙarin ruwa, amma gwaggo ta ce wai ɓad da sawu ne.

Ni lokacin korona na ji ana ta maganar PCR, kuma na ji ana cewa yanzu da ADN ana iya gane mikrob har a san daga inda ya fito. Akwai ragowar shinkafar kwano ɗaya da maƙwabciyarmu ta sa cikin konjelater ɗinta tun ranar. In na kai ta labo za a iya gane guba ce aka zuba ko lalacewa abincin ya yi? Kuma zai nuna daga hannun wa? Ina ake yi, nan ko sai Yamai? Ko jika nawa ne zan nema in dai za a kashe maganar nan.

Hajiyar Birni:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya ba amarya zaman lahiya. Ni ban san labo ba amma na san tukunya, shekara ta fi talatin ina tsayawa dahuwar biki. Shinkafar da aka sauke kafin asuba aka rufe ta da zafinta cikin roba har la'asar a wannan zafi, ai ba sai wani ya zuba mata komi ba, ita da kanta za ta juya. Mu da a da sai gari ya waye muke ɗorawa, a sauke a zuba a akushi a kai da tururinta, ragowa kuma almajirai su kwashe kafin rana ta yi tsaka. Waɗannan kulolin ne suka ruɗe ku. Ka tambaya ko ta yi yauƙi ko ɗan tsami. Ita kuma gwaggon taku ta ji tsoron Allah, zato zunubi ko da ya zama gaskiya, ballantana uwa da ɗanta ke kwance ana masa ƙarin ruwa.

Ɗan Garin Malam:

Hajiya na gode. Wlh ba tsami ba wari, ni ma na ci da azahar kuma ban ji komi ba, wannan ɗin ne ma gwaggo ta riƙe, ta ce ruɓaɓɓen abinci ai hanci ke fara sanar da mutum.

Labo Zango:

Ɗan Garin Malam sannu da jinya. Ni aikina ke nan, bari in yi maka dalla-dalla ko da zai yi tsawo, ka yi haƙuri.

Maganar Hajiya ita ce kusa da gaskiya, sai dai abu ɗaya, rashin wari ba shaida ba ne. Mikrob masu sa abinci ya yi tsami daban, masu zuba guba a ciki daban, kuma su masu gubar yawanci ba sa taɓa ɗanɗano ko ƙamshi, abinci yana nan tas kamar yanzu aka sauke shi.

Abin da na fara dubawa cikin labarinka shi ne agogo. An ci tsakanin azahar da la'asar, amai ya fara magariba, wato awa 2 zuwa 4, kuma amai ya fi gudawa yawa, kuma cikin kwana ɗaya an warware. Wannan tsarin mikrob biyu yake nuna min. Na farko stafilokok, Staphylococcus aureus, wanda ke zaune cikin hanci da fatar mutane lahiyayyu, kamar mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na ɗauke da shi bai sani ba, shi ne kuma cikin ƙurji da maruru, yana shiga abinci ta hannu bayan an gama dafawa, wajen yanka nama ko cuɗa salad. Na biyu basilus, Bacillus cereus, shi kuma ɗan ƙasa ne, yana zuwa tare da ɗanyar shinkafar tun daga buhu, yana da wani kwanso da yake shiga ya kwanta wanda tafasa ba ta kashe shi, in an sauke tukunya zafi ya fara sauka ƙasa da digiri 60 sai ya farka ya hau haihuwa. Kula kuwa ba ta riƙe abinci da zafin wuta awa 12, a hankali take sakin shi ya zauna cikin ɗumi ɗin nan da suke so. In yanayi ya yi musu daɗi kowane minti 20 suna ninkawa, ka lissafa, ƙwaya 1 cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Su biyun duk cikin abincin suke zuba gubarsu tun kafin a ci, shi ya sa ba a jimawa. Da salmonel ne da sai an kwana ko an yi kwanaki kuma da zazzaɓi.

To ka ga gwaggo ba ta yi ƙarya duka ba, akwai guba cikin abincin. Sai dai mai zuba ta ba ya ganuwa da ido.

Kuma gubar nan ɗumame ba ya kashe ta. A Japan a 2000 sama da mutum dubu 13 suka kwanta a yankin Osaka saboda madara, da aka bi sawu sai aka tarar kuran ne ya ɗauke na ƴan awowi a masana'antar da ke yin garin madarar can Hokkaido, madara ta zauna da ɗumi stafilokok ya zuba guba, daga baya aka dafa ta mikrob ɗin ya mutu amma gubar tana nan daram. Japan fa, ba mu da kuran ke ɗaukewa sau biyar a wuni ba.

Yanzu PCR. Kowane mikrob na da ADN ɗinsa, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa DNA, ka ɗauke shi kamar dogon rubutu da baƙaƙe huɗu kawai, na stafilokok ya kusa baƙi miliyan 3. Cikin rubutun nan akwai ɗan layi da ke koya masa haɗa guba, shi muke ce wa jen. Ba kowane stafilokok ke da shi ba, ba kowane basilus ba. A stafilokok muna neman su sea, seb, sec, a basilus mai sa amai muna neman wanda ake kira ces. Abin da PCR ke yi shi ne, a niƙa ɗan abincin a fid da ADN, a zuba masa wasu ƴan guntayen rubutu da aka ƙera da ba sa mannewa sai a kan wannan layin kaɗai, na'ura ta riƙa zafafawa tana hucewa kamar sau 30 zuwa 40, kowane zagaye layin ya ninka, in yana nan sai ya zama kwafi wajen biliyan har na'ura ta gan shi, in babu shi shiru. Wani Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro dabarar a 1983. Ita ce dai aka yi gwajin korona da ita, kuma na'urar GeneXpert ta gwajin tarin fuka ma ita ce a ciki, abin da ke canzawa kawai guntayen da ka zuba. Nan kuma gizo ke saƙar, don samun na'ura daban, samun kayan haɗin wannan gwajin daban, ba abu ne da labo na yau da kullum ke ajiyewa a firigo ba.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka kashe kuɗinka: PCR jen yake gani ba gubar kanta ba. Zai ce maka mai iya haɗa guba ya zauna cikin shinkafar nan, ko da ya mutu ma zai gan shi. Don a ce shi ne ya kwantar da mutane sai an shuka abincin a labo, wato a bar mikrob ɗin cikinsa su tsiro, an ƙirga su, abin da aka saba ɗauka shi ne ƙwaya dubu 100 ko fi cikin giram ɗaya, don ƴan ƙwayoyin basilus kaɗan kusan kowace shinkafa na da su. Kuma an fi so a samu aman marasa lahiyar ko kashinsu tun ranar a gwada da na abincin. Wannan na san ya wuce ku. Sannan in maganin ƙwari ne aka zuba, PCR makaho ne a kansa, wannan gwajin sinadari ne wani ɗaki daban.

Kwanon ku bar shi daskare, kar a narke a sake daskarewa, a ɗaure shi cikin leda a rubuta rana. Kuma ba kai za ka ɗauka ka shiga mota da shi ba, ta hannun hukumar lahiya ta distirik ake bi, su ke da hanyar aika samfur zuwa Yamai, can ne CERMES take, cibiyar binciken da ke cikin ƙawancen Pasteur, ita ke tabbatar da su sanƙarau da kwalara na ƙasar nan. Kusan kilomita 900 ne, sai da ƙanƙara.

Majo mai ritaya:

Labo ya gama magana, ni abu biyu zan ƙara daga abin da idona ya gani a CSI, wato ƙaramar likita ta unguwa ko ƙauye.

Wanda ya ci piya-piya ko irin maganin da ake zuba wa wake a buhu ba a ɓoye yake ba. Miyau na dalala, gumi sharkaf, hawaye, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ƙirji na kurari, naman jiki na rawa, wani har suma. Mutum 9 kuka kai likita, da akwai haka da tun a ƙofa za a gane kuma da ba ruwa kaɗai za a ƙara musu ba. Ka koma ka tambayi wanda ya duba su, ka roƙe shi ya faɗa wa babanku da bakinsa, tsofaffi sun fi jin maganar mai farar riga a kan ta ɗansu.

Na biyu, akwai gwajin da ba ya cin ko dala, kuma shi ake fara yi ko a Turai kafin a taɓa na'ura. Ɗauki kaye da biro. Rubuta sunan duk wanda ya ci abincin bikin, wanda ya kwanta da wanda bai kwanta ba, kar ka bar lahiyayyun don su ne rabin shaidar. Kowa ka tambaye shi me ya ci, me bai ci ba, ƙarfe nawa, daga wace roba aka zuba masa, ƙarfe nawa ciki ya fara. Yi shi yau, nan da sati kowa ya manta ko ya gyara labarinsa ya dace da na gwaggo. In ka gama za ka ga abin ya taru wuri ɗaya. Mu a aiki in mutum biyu ko fi suka kamu da ciwo iri ɗaya daga abinci ɗaya sanar da shi ake, sai ka kai wa majon CSI ɗinku, wato shugabanta, takardar.

Sannan ku sa ido kan yara har sati biyu. In aka ga jini cikin kashi, ko yaro ya rage fitsari, ko ya ɗashe fuska ta kumbura, a ruga likita, kar a tsaya sayen kapso wajen ƴan tebur, akwai irin mikrob da antibiyotik da maganin tsai da gudawa ke ƙara ɓata lamarinsa. SRO dai, garin nan na gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa, in babu a samu ruwa mai tsabta litar 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Ɗalibi a Dakar:

Gaisuwa ga manya, Majo da Hajiya ina gaishe ku. Yaya Ɗan Garin Malam tambayarka ta biyu ce ba a taɓa sosai ba, wato daga hannun wa, kuma ita ce fannin da nake karatu.

PCR kamar ganin zane ne a fuskar mutum, za ka ce wannan Bagobiri ne wannan Babarbare, amma ba za ka san ɗan wane gida ba ne. In kana son gidan sai ka karanta ADN ɗin gaba ɗaya baƙi bayan baƙi, shi muke cewa sekansaj. Yadda yake aiki, ka tuna littattafan malamanmu na zaure da ake kwafa da hannu, in wani marubuci ya tsallake baƙi ɗaya duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji wannan kuskuren, har ka iya gane wa ya kwafa daga wa. Mikrob ma duk ninkawa kwafar rubutunsa yake, jefi-jefi ya yi kuskure ƴaƴansa su gada. To in ka karanta na cikin mara lahiya da na cikin tukunya ka ga bambancinsu bai wuce ƴan baƙaƙe ba cikin miliyoyi, gida ɗaya suka fito kwanan nan. In ka ga dubbai, ba su haɗa komi ba sai suna.

Bari in ba ka labarin da ya yi kama da naku. A watan 5 na 2011 wani mikrob na hanji da ake kira E. coli ya ɓarke a arewacin Jamus, kusan mutum dubu 4 suka kamu, sama da 50 suka mutu, sama da 800 ƙodarsu ta taɓu. Hukumar birnin Hambug ta fito ta ce kokwamba ce daga Sipaniya. Nan take duniya ta daina saye, manoma suka riƙa zubar da amfaninsu, sai da Tarayyar Turai ta biya diyyar sama da Yuro miliyan 200. Alhali da aka duba da kyau, mikrob ɗin da aka samu jikin kokwambar ba shi ne na cikin marasa lahiyar ba. Na marasa lahiyar wani ne da ake kira O104:H4, cikin ƴan kwanaki wani labo a Shenzhen ta Sin tare da likitocin Hambug suka karanta ADN ɗinsa suka zuba a intanet kowa ya duba, sai aka ga wani irin E. coli ne mai manne wa hanji da ya samo jen mai suna stx2 na wata guba da ake kira Shiga, daga wani birus da ke shiga cikin bakteri. Ƙarshe ka san mene ne? Hulba. Hulbar nan dai da mata ke jiƙawa. Tsironta ake ci cikin salad a can, irin kuma an shigo da shi daga Masar tun 2009. Abin da ya ɗaure maganar, a watan 6 wasu mutane suka kamu a Bordo ta Faransa, ba su je Jamus ba, mikrob ɗinsu ya zo daidai da na Jamus, aka bi takardun saye aka tarar irin hulbarsu daga kaya ɗaya ya fito. Amma ka lura, cikin ƴaƴan hulbar kansu ba a kama mikrob ɗin ba, tambayar mutane me suka ci da bin takardu ne suka kai ga nan, wato kayen Majo.

A Afirka ta Kudu ma 2017 zuwa 2018 cutar wani mikrob mai suna listeriya ta kama sama da mutum 1,000 ta kashe sama da 200, sekansaj ya nuna yawancinsu iri ɗaya ne mai lamba ST6, aka same shi a wata masana'antar sosis a Polokwane. A Haiti kuma kwalarar 2010 da ta kashe kusan dubu 10, ADN ya nuna ƴar gidan ta Nepal ce, ta zo daidai da zuwan sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya daga can, sai a 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafara. Ko kwalarar da ke zagayo mu nan, irin ta 2021 da ta kama sama da mutum dubu 5 a Nijar har da Maraɗi da jiharmu, tana cikin wannan lissafin, don wani bincike na masanan Pasteur ta Paris a 2017 ya karanta ADN na ƙwayoyin kwalara sama da 1,000 ya nuna tun 1970 aƙalla sau 11 aka shigo da ita Afirka daga Asiya, sannan ta yi ta yawo tsakanin ƙasashe. Ita ma gubarta birus ne ya kawo mata jen ɗin, haka ma mashaƙon da ya addabi Matamai a 2023.

Amma yaya ga iyakar abin. Ko an yi sekansaj an samu stafilokok ɗin shinkafa daidai da na hancin wata mata, bai ce ta yi da gangan ba, bai ma tabbatar daga ita ya tafi tukunya ba, ƴan gida ɗaya suna musayar mikrob kullum, ita ma tana iya ɗauka daga wani. In kuwa basilus ne ba hannun kowa, daga gona ya zo. Na'ura dangantaka take nunawa, niyya kam ba ta rubuce cikin ADN. Ina ma tsoron in aka ce za a goge hancin masu dahuwa a gwada, wata baiwar Allah da ta zo taya aiki ce za ta kwana a ciki.

Mai Shago Kasuwar Dole:

Hhhh ɗalibi ka kai mu Jamus ka kai mu Haiti, mu da ruwan pampo ke kwana uku bai zo ba. Wa zai ɗauki kwanon dafa-duka ya kai Yamai don mutum 31 da suka riga suka miƙe suna yawo? Ni ruwan ma nake zargi, da wane ruwa aka wanke salad ɗin, da wane aka dama zoɓo, na ƴan garuwa ne ko na tanki? Kuma ko takarda ta zo da tambarin Pasteur ka ɗauka gwaggo za ta yarda? Cewa za ta yi abin da aka zuba ba na bature ba ne na'urarsa ba ta ganinsa.

Labo Zango:

Mai Shago ka yi gaskiya rabi. Ni ma ban sa rai za a yi wa wannan sekansaj ba, ba mutuwa, ba ya yaɗuwa, kayan aiki kuma ana tattalinsu don kwalara da sanƙarau. Ko da yake na'urar ba ita ce dutsen ba yanzu, akwai wata MinION da ba ta fi ƙaramar waya girma ba ana sa ta jikin kwamfuta, an yi aiki da ita a Gine lokacin Ebola a 2015, tsadar tana wajen kayan haɗi da sanyin ajiye su da mai iya karanta sakamakon. Amma ruwa ban ɗauka ba, ciwon ruwa ba ya kama mutum 31 cikin awa uku ya sake su washegari, yakan ɗauki kwana kuma gudawa ce gaba. Duk da haka a sa zoɓon cikin tambayoyin, ba a cire kowa sai lissafi ya cire shi.

Ɗan Garin Malam:

Jama'a Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Ni da ƙanena mun yi kwana biyu kan babur gida gida da kaye kamar masu ƙidaya, mun samu mutum 74. Waɗanda suka ci da azahar daga kuloli mu 41 ne, 4 kawai suka yi ciwo. Waɗanda aka kai wa bayan la'asar 33 ne, 27 sun kwanta, kuma dukansu daga manyan robobi biyu shuɗɗa aka zuba musu, su ne na tukunyar farko da aka sauke wajen 3 da rabi na dare aka tura ɗakin ajiya mai rufin kwano aka manta da su sai da kuloli suka ƙare. Salad bai ma kai gidajen ba, tun azahar ya ƙare. Zoɓo da fura kowa ya sha, masu ciwo da marasa. Su 4 ɗin na azahar ne ban gane ba, biyu yara ne ba su san daga ina aka zuba musu ba, ɗaya kuma ya ce shi ya ci sau biyu.

Na tambayi wa ya dafa tukunyar farko, kowa ta ce ta sa hannu, har gwaggo ita ta zuba gishiri.

Kwanon kuwa ya tafi. Kuran ya ɗauke wuni guda ranar talata komi na cikin konjelater ya narke, maƙwabciyar ta zubar ba ta faɗa min ba sai jiya.

Na je wajen wanda ya duba su a likita, ya ce bai ga alamar maganin ƙwari ga ko ɗaya ba kuma ya yarda ya yi magana da baba ta waya. Na kai wa baba kayen, ya sa tabarau ya bi layi layi har ƙarshe bai ce komi ba, can ya ce in duba mai a babur gobe bayan juma'a za mu Miriya. Inna ma ta ce a kai mata turmin atamfa ɗaya cikin kayanta. Gwaggo na nan kan bakanta, ta ce me ya sa aka ajiye robobin nan biyu daban in ba da manufa ba. Majo, na CSI ɗinmu ya ce in kawo masa kwafin takardar ranar litinin, in rubuta shekarun kowa a ciki ko suna da awa sun isa?